Ganyen Dabino Don Sista Nora

Tasallah mutuniyar Maraɗi ce, tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti a Madina da ke bayan iyakar Harami, can gefen kwarin Aƙiƙ. A ɗakin haihuwa ta saba da Sista Nora, wata nas 'yar ƙasar Ayilan. Larabcin kowaccensu guntu-guntu ne, amma yana kai su inda suke so.

A farkon shekarar 1998 mahaifiyar Nora ta rasu. Kafin bizar Nora ta fita ƙasar ta fito har an binne ta. Tasallah ta yi mata gaisuwa irin ta gida, ta riƙe hannunta ta ce ta yi haƙuri.

Ana gab da ƙarshen Janairu Nora ta tare ta a bakin sito.

"Tasallah, kin ce mijinki a gonar dabino yake aiki. Ko zai samo mini ganye kaɗan?"

Nora ta yi mata bayani. Ran ɗaya ga Fabrairu suke bikin Birijid, wata mata da mutanensu ke ɗauka waliyya, wadda aka ce ko man shanun gidansu rabar wa mabuƙata take yi. A jajibirin ranar kowane gida kan saƙa ƙaramin gicciye da ciyawar fadama, a rataya bisa ƙofa. Tun Nora tana yarinya mahaifiyarta ke saƙa na gidansu. Bana babu mai yi.

Da Tasallah ta koma gida a unguwar Ƙurban ta gaya wa maigidanta Haladu.

"Ke Tasallah, gicciye? A Madina? In wani ya kai ƙara, iƙamarmu ta zama a ƙasar nan ce za ta tafi."

"Malam, ni ma ba saƙawa zan yi ba. Addininta nata ne. Amma matar nan uwa ta rasa, ko gawarta ba ta gani ba."

Washegari da Haladu ya dawo daga gona sai ga ɗanyen ganye a ƙunshe cikin buhu, ya ajiye mata a bakin ƙofa.

Bayan an tashi daga aiki Tasallah ta kai shi ɗakin Nora a gidan ma'aikata. Ganyen dabino ya fi ciyawar su Nora tauri, yana ta tsagewa. Suka jiƙa shi a ruwan ɗumi, Tasallah na tsaga shi siri-siri tana miƙa mata, Nora na lanƙwasawa. Can sai hannun Nora ya tsaya.

"A daidai nan mahaifiyata take cewa na cika gaggawa," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Tasallah ta bar ta ta yi mai isarta. Ita ma ta tuna tata uwar da ke kwance a maƙabartar Maraɗi, ta share ido da gefen mayafi.

Abin ya fito a karkace. Nora ta rataya shi ta cikin ɗaki, inda babu mai gani sai ita. Sannan ta zubo abincin ranar, dankalin Turawa da aka dama da kabeji da man shanu, ta cika kwano ta ce a kai wa mijin Tasallah.

Haladu ya jima yana kallon kwanon kafin ya yi bisimilla. Ya kai loma, ya tauna a hankali.

"Allah ya ba ta haƙuri," ya ce. "Miƙo mini yaji."