Gaisuwar da Salomi Ta Sayar

"Sake," in ji Oksana daga bayan kwamfuta. "A hankali. Ki riƙa barin wuri tsakani, kamar wani yana amsa miki."

Salomi ta jingina sandar goge-goge da bango, ta share hannu a rigar aiki, ta matso da bakinta kusa da makirufo.

"Sannu da gida. Ina kwana?" Ta dakata. "Ina gajiya? Yaya yara? Yaya ƙarfin jiki?" Ta sake dakatawa. "Daga Dubai ake kira. Don Allah kada a kashe, a ɗan riƙe."

Oksana ta zare abin sauraron da ke kunnenta tana dariya. "Duk wannan gaisuwa ce kawai?"

"Ai ban fara ba ma. Ban tambayi awaki ba."

"Kuma mutum zai tsaya yana ji, ba zai kashe ba?"

"A kashe wa mai gaisuwa waya? Sai dai wanda bai samu tarbiyya ba."

Vadim, mai ofishin, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai cika murmushi ba, amma ranar ya yi. "To ki tambayi awakin ma," ya ce. "Yalla, maza."

*

Salomi 'yar Zonkwa ce. Shara da goge-goge take yi a wani ofishi da ke saman ɗakin ajiyar kaya a Dubai Investments Park, ofishin da ba shi da suna a ƙofa. Samari da 'yan mata ne a ciki, 'yan Rasha da 'yan Ukraine, kowa da kwamfutarsa. Can gida ƙasashensu na kashe juna, a nan kuwa sukan ci abinci a tebur ɗaya. Oksana 'yar Ukraine ce, yaƙi ya koro ta. Ita kaɗai ta san sunan Salomi, sauran sukan ɗaga mata ƙafa ne kawai idan ta zo sharewa.

An ce mata muryar ta wani kamfani ce mai karɓar kiran 'yan Najeriya. Ba ta ƙara tambaya ba. Wannan laifinta ne, kuma ba ƙarami ba ne. Sai dai wanda bizarsa ke aljihun wani ba ya yawan tambaya.

Vadim ya ba ta ɗan abin da ya ba ta. Ya kuma sa aka saka mata wata manhaja a waya, wadda za ta riƙa kiran gida da ita kyauta. Manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarta. Ta danna. Wa ke ƙin kyauta?

Wayar nan kuwa ita ce abin da ya rage tsakaninta da mahaifiyarta. Mama ba ta karatu, idanunta ma sun raunana. Murya kaɗai ta sani. Duk Lahadi sai sun yi gaisuwa har su ƙure ta, sannan a shiga labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu.

*

Wata Lahadi, ta fito daga coci a Jebel Ali tana jiran mota, sai ga kiran yayanta Jeremiah. Bai gaishe ta ba.

"Ke, wane irin aiki kike yi a can?"

"Yaya, lafiya?"

"Ni nake tambaya. Wata lamba ta yi wa Mama filashin, lambar waje. Kin san halin Mama. Ta ce Salomi ba ta taɓa yi mata filashin ba, kullum ita ke kira. Tunda ta yi, to ba ta da ko na kati, wani abu ya same ta. Sai ta bi kiran."

Salomi ta ƙara matse wayar a kunne.

"Ta ji muryarki. Kina gaishe ta tana amsawa. Kika ce ta riƙe, ta riƙe har kati ya ƙare. Ta sa wani, shi ma ya tafi. Ta sayar da buhun cittar da ta ajiye don magani, duk ta zuba a wayar nan. Ta daina cin abinci, wai an kulle ki ne, shi ya sa ba kya iya ƙarasa magana. Sai da na karɓa na saurara da kaina. Na ce ke Salomi, ni ne, sai kika ce mini yaya awaki."

"Yaya, wallahi ban san..."

"Ba ita kaɗai ba. Rabin zumuntar matan coci an yi musu. Matar fasto ma. Duk wanda ke da lambarsa a wayarki. Yanzu in Mama ta shiga coci, sai a yi shiru."

*

Salomi ta sami Oksana a bayan ɗakin ajiya tana shan taba a 'yar inuwar kwantena. Oksana ba ta yi musu ba.

"Layin na musamman ne," ta ce. "Kowane minti da tsadarsa, kuma Vadim na da kasonsa. Kwamfuta ke buga wa mutane sau ɗaya ta kashe. Wanda ya biyo, ya shiga. Aikin muryar kawai ta riƙe shi."

"Kin sani kika sa ni."

"Na sani."

"Da nake ba ki gyaɗar da aka aiko mini, kin sani."

Oksana ta kalli ƙasa. "Bature yakan kashe da wuri. Namu sukan ɗan jima. Naku kuwa, Vadim ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Suna amsawa, ƙawata. Har godiya suke yi."

Salomi ta ji kamar ta mare ta. Hannun ya ƙi tashi.

"Muryar yarenmu ni na yi ta," in ji Oksana. "Ni ce ma'aikaciyar asibiti. Nakan ce ɗanku na fagen yaƙi yana nan wurinmu, ku riƙe, likita na zuwa. Iyayen Rasha sukan riƙe, iyayen Ukraine sukan riƙe. A nan dai babu bambanci." Ta murƙushe tabar da takalmi. "Kakata ma ta riƙe. Ta gane muryata."

"Me kika yi?"

"Me zan yi? Fasfona na cikin akwatin Vadim, kusa da naki."

 Wata babbar mota ta wuce da kaya zuwa tashar jiragen ruwa.

"Zan iya cire lambar mahaifiyarki," in ji Oksana. "Da ta matar faston, da duk naki. Yau zan yi, ko da zai gane."

"Muryar fa?"

"Ya riga ya sayar wa wasu. Khalas, shi ke nan. Ta tafi."

Magana zarar bunu ce, Salomi ta sha ji tun tana yarinya. Ba ta taɓa zaton za a zari tata a riƙa haya da ita ba.

*

Salomi ta goge manhajar. Da aka tashi aiki ta sayi kati da kuɗinta, ta zauna a matakalar gidan ma'aikata, ta kira Mama ta layin da kowa ke bi. Ya yi ta ƙara. Har ta fid da rai, sai aka ɗauka.

Ta ji kukan kaji, ta ji rediyon maƙwabta, ta ji numfashin da ta sani tun kafin ta san sunanta.

"Mama," ta ce. "Sannu da gida. Ina wuni?"

Ba a amsa ba. Ta jira, kamar yadda ake jira.

"Ina gajiya, Mama?"

Sai ta ji muryar Mama ta yi nisa da waya, ba faɗa, ba kuka, tana gaya wa wani a tsakar gida: "Injin nan ne kuma."

Layin ya mutu.

Salomi ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta sake dannawa. Tana jin wayar Mama tana ƙara can Zonkwa, a kan tabarma ko a bakin zane. Ta shiga laluben abin da za ta fara da shi idan an ɗauka, abin da ba gaisuwa ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa fara magana da mahaifiyarta ba sai da gaisuwa.

Aka ɗauka. Numfashin nan ya dawo, yana jira. Salomi ta buɗe baki.