Makuba a Bayan Jirgi

Sada magini ya ci amanar Hussaini, kuma ba sata ya yi ba. Bakinsa ne bai iya furta "ban iya ba". Irin wannan mutum ya fi ɓarawo ɓarna, domin ɓarawo ba ka miƙa masa kayanka da hannunka.

A wani ƙauye tsakanin Tsiga da Kafur akwai madatsar ruwa. Da Turawan da suka gina ta suka tashi, sai suka bar wa manoman rani wani tsohon jirgin ruwa mai inji, ba na katako ba, ba na ƙarfe ba, farin nan mai kama da roba. Da shi ake tsallakar da tumatir da albasa daga fadama zuwa bakin titi. Hussaini aka damƙa wa jirgin, aka kuma gaya masa a gaban dagaci cewa injin nan shi kaɗai ne, ran da ya salwanta aikinsa ya salwanta.

To, bangon bayan jirgin, inda ake rataye injin, ya fara rawa. Katakon da aka sa a cikinsa don ya riƙe injin ya sha ruwa ya ruɓe, in ka danna sai ya lotsa kamar dafaffiyar kabewa. Raufu, wani makaniki a Funtuwa, ya ce a kawo masa ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ya sa sabo, ya liƙe da gam. Amma kakar auduga ce, babu direban da zai kalli jirgi. Tumatir kuwa yana ta nuna.

Sai ga Sada, taubashin Hussaini, ya same shi ya yi tagumi.

"Kai bawana, a kan bango kake ramewa? Wa ke da bango a garin nan in ba ni ba?"

"Bangon jirgi ne, Sada, ba na zaure ba."

"Ruwan sama da ruwan madatsa ba uwarsu ɗaya ba? Soron Alhaji Mati da na shafe da makuba, ka taɓa jin ya yi yoyo?"

"Ka taɓa yin irinsa?"

"Tun kana cikin tsumma."

Hussaini ya san ƙarya ce, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya yarda.

Sada ya ƙwaƙule katakon, ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa ya cusa, ya shafe da makuba, ya goge da dutse har tana ƙyalli. Har zane ya yi mata irin na fuskar zaure. Da ta bushe Hussaini ya ƙwanƙwasa ya ji tauri, hankalinsa ya kwanta.

Ranar kasuwa aka loda kwanduna. Gwaggo Barakatu mai albasa ta zauna a tsakiya, Sada ma ya shigo don a yabe shi. Injin ya tashi lafiya. Sun yi nisa sai Gwaggo ta ce, "Hussaini, ɗan nan, me ya sa ruwan bayanmu ya koma kunun kanwa?"

Hussaini ya waiga. Yaɓen ne ke narkewa. Injin ya sunkuya kamar mai gaida surukai, ya shige ruwa, ya bar shi riƙe da tiyon mai.

"Gaggawa kuka yi," in ji Sada. "Da kun bari ya ƙara shan rana..."

"Rufa mana baki, magini a ruwa!" Gwaggo ta ce, ta jefe shi da albasa. Da faifanta aka yi tuƙi, da hular Sada aka kwashe ruwa, har suka kai gaɓa.

Masunta suka tsamo injin ya cika da laka, aka kai wa Raufu, wanda ya zo da kansa ya gyara bangon a bakin ruwa. Dagaci ya wanke Hussaini tas, amma ya bar masa aikinsa tunda injin ya fito. Sada kuwa, da yake injin yana wajen gyara, aka miƙa masa gora. Shi ya tura jirgin safe da yamma, kyauta, har tumatir ya ƙare.