Gefen Taga

Duk unguwar Runjin Sambo an san Malam Jinaidu mai injin niƙa da alfahari da kunnensa. Daga bakin titi, in ji shi, yake gane injin da bel ɗinsa ya saki. Saboda haka da saƙonnin muryar 'yarsa Jannatu, wadda ke aure a Kano, suka fara zo masa kamar ana magana cikin bargo, bai ɓata lokaci ba ya ɗora wa waya laifi. Abin kuwa yana cinsa, don Jannatu ce auta, ga ta da ɗa ya fara magana, kowa a gidan ya ji yaron yana kiran kakansa ban da kakan.

Ya nufi shagon Kamilu mai kayan sauti a Sama Road, ya ɗauko 'yar sifika baƙa mai kamar gwangwanin madara. Kwana biyu ya mayar, wai tana cinye ƙarshen magana. Ya ɗauko doguwa mai fitilu ja da kore, ita kuma wai gurnani ya yi mata yawa.

"Baba, wagga ko gidan biki tana isa," in ji Kamilu.

"Yaro, kai sai da su kakai, ni saurare nikai. Ba ni waccan."

Ƙarshenta duka ukun ya kwaso, har da baƙar da ya mayar, ya jera a falo, ya shiga gwaji haiƙan. Ya ɗora su kan firij, firij ya kama rawa. Ya kai su kusurwa saboda Kamilu ya ce bango na ƙara murya. Ya sa aka naɗe kafet, ya sa aka sake shimfiɗawa. Har cikin tsohuwar randa ya jefa ɗaya, muryar Jannatu ta fito kamar ta faɗa rijiya. Maƙwabta kam sun ƙoshi. Layin gaba ɗaya ya san Jannatu ta canza tela, ya san surukarta na fama da ƙafa. Mai gidan ne kawai ke zaune tsakiyar kujera yana tsaki, yana zagin maginin da ya yi falon.

Matarsa Ashatu tana ta kallonsa, sai ranar da ta ji ya ce labulenta za a cire. Ta taso, ta ɗauki baƙar nan mai kamar gwangwani, wadda ya fi rainawa, ta ajiye a hannun kujera ta gefen hagunsa, wajen taga, inda take zama kullum. Ta danna saƙon Jannatu.

"Kaka! Kaka, ka zo!" Muryar yaron ta fito tar.

Malam Jinaidu ya zabura. Ya sa aka maimaita, aka sake maimaitawa, idonsa ya cika da ƙwalla don daɗi. Da ya dawo hayyacinsa kuma sai ya gyara zama, ya koma malami.

"Kin gani ko? Abin da nika hwaɗi ke nan. Sirrin ga taga shike. Iska na shigowa shi ɗauko sauti. Dama can nan za ni gwadawa."

"Malam, taga rufe take," in ji Ashatu.

Ya waiga. A rufe take, har da sakata.

"Tun kahin auren Jannatu nika zama wurin ga, rana na gasa min baya," ta ce a hankali. "Kai zato kakai son tagar nikai? Kunnenka na dama injin ya daɗe da cinye shi. In nit tsaya can in yi magana, ko juyowa ba ka yi."

Ya buɗe baki zai musa, sai ya tuna yadda take zagayowa ta bayansa duk sa'ad da za ta gaya masa abu, shi kuwa yana yi mata tsiya wai ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba. Kunya ta rufe shi. Ya daɗe yana kallon sifikokin nan biyu da ke kan firij.

Ashatu ta miƙe za ta koma kicin. Ya ɗauke sifikar daga hannun kujerar ya riƙe a cinya.

"Zauna wurinki," ya ce. "Mi kuma kinka hwaɗa min da ban jiya ba?"