Layin Masu Ciki

"To Sharu, in an gama sai ka faɗa mana, mace ce ko namiji?"

Saminu ne ya faɗa, maƙwabcinsa na shekara talatin, wanda ya ɗauko shi a babur. Matan da ke kan benci kuwa, duk masu juna biyu, suka kwashe da dariya cikin hijabi. Kun san asibitin na'ura ɗaya gare su. Wadda ake duba jariri da ita, ita za a ɗora wa Sharu mai goro a wuya, a ga ko ciwon dajin da aka samu a harshensa ya kai ga kaluluwa.

Sharu ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Da furfurata? Mai da ni gida."

"Wasa fa nake yi!"

Ina! Bai ko waiwayo ba. Ya koma wajen wanzami, aka yi ta kafa masa ƙaho.

Sai bayan wata biyar, da koko ma ya daina wuce masa maƙogwaro, ya yarda suka koma. Ran nan Saminu ko tari bai yi a layin ba. Likita ta shafa wa Sharu wani mai sanyi a wuya, tana jan abin a hankali, daga ƙasan kunne har ƙashin wuya. Saminu na kallon allon. Baƙaƙen dunƙule uku, kamar ƙananan goro.

"Baba, me ya hana ka zuwa lokacin da aka rubuta maka?"

Ta ce ciwon ya bazu, sai dai a ba shi maganin rage zafi. Ta yago hoton ta miƙa musu.

A hanya, wajen rijiyar Kusugu, Sharu ya matso da baki kusa da kunnen Saminu, murya a shaƙe. "Ka ji amsarka. 'Yan uku ne."

"Sharu, ka yafe mini."

"Kalli gabanka, kada ka zubar da mai jego."

Kwana goma sha tara Sharu ya ƙara a duniya, Allah ya jiƙansa. Da aka watse daga zaman makoki, Saminu ya buɗe kujerar babur zai ɗauki tsumma, sai ga hoton nan a naɗe. Zafin rana ya cinye shi, ya yi fari fat. Ya share shi da bakin riga, ya sa a cikin hularsa.