Daga Yatsa Ake Farawa

"Ɗaga shi a hankali, ba buhun albasa ba ne," in ji Iya Bara'atu, matar Baba Alu.

Sadisu ya sa hannu ɗaya a bayan wuyan Baba Alu, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya sauke shi daga gado zuwa tabarmar bakin ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa. Tsohon bai kai nauyin tunkiya ba. Shekara arba'in yana ɗora ƙashin mutanen Unguwar Gai, har daga Nariya ake kawo masa masu karaya a amalanke. Yau kwana tara ke nan ba ya iya juyawa da kansa.

Sadisu sallama kawai ya shigo yi, don katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da nan. Motar albasa ta Manu direba za ta tashi daga Kibiya zuwa Fatakwal da an idar da azahar, kuma an yi masa alkawarin aikin dako a can. Ya yi acaba ya bari, ya yi cajin waya ya bari, faci ma wata biyu ya yi. Wannan karon ya rantse ba zai dawo ba sai da abin kansa.

"Ɗan zauna da shi in dama masa koko," in ji Iya. "Maza duk sun tafi kasuwa, mutumin Zariya kuma yana hanya." Ɗanta na fari take nufi, Ishiyaku, wanda ba ta faɗin sunansa.

Sadisu ya duba waya. Sha biyu saura. Ya zauna, ya tashi ya gyara labule, ya koma ya zauna, ya kori ƙuda, ya sake duba waya.

"Kai ɗan nan," in ji Baba Alu, muryarsa can ƙasa, "kazar da ke neman wurin ƙwai ta fi ka natsuwa. Kama mini babban yatsan ƙafa."

Tun da ya kwanta, kullum sai ya zagaya jikinsa gaɓa-gaɓa, kamar manomi yana duba iyakar gona.

"Matsa. Ka matsa? To, ba kowa a nan. Hau idon sawu." Ya saurari jikinsa. "Nan ma sun tashi. Gwiwa?"

"Ina kai, Baba."

"Jiya ina jin gwiwa. Yau sai cinya." Ya lumshe ido ya ci gaba da kansa. "A ciki akwai nauyi, kamar dutsen niƙa. A ƙirji akwai tsoro, ɗan ƙarami, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na gan shi, shi ma ya gan ni."

"Baba, ku daina irin wannan magana."

"In ɓoye wa wa? Kayan aro ne. Kafin ka mayar ai ka duba."

Waya ta yi ƙara. Manu ne, yana ihu cikin hayaniyar 'yan lodi. "Kai Sadisu, kana gidan uban wa? Igiya ake ja! Wallahi in na sallame ban gan ka ba, sai dai ka ji labari a gari."

Sadisu ya miƙe. "Baba, bari in nemo muku wani."

"Wa za ka nemo? Akuya? Miƙo ƙafarka nan."

Hannun dama na tsohon yana motsi har yanzu. Ya kama yatsun Sadisu kamar yadda ya saba kama na masu karaya. Kowa a unguwar ya san ƙa'idarsa: ba ya fara taɓa inda ya karye, don mai ciwo zai fizge. Daga nesa yake farawa, yana tambaya, yana matsowa.

"Rufe ido. Me ke tafin ƙafarka?"

"Gumi."

"Ƙwauri fa?"

"Rawa yake yi."

"Ƙyale shi ya yi abinsa, kar ka hana shi. Ciki?"

"Yunwa."

"Maƙaryaci. Ina jin ƙamshin waina a hannunka."

Dariya ta kuɓuce wa Sadisu, ta tsaya a rabi. "Kamar an ɗaure shi da igiya," ya ce.

"Hau sama. A hankali, ba tsere ake ba."

Ya hau. Ƙirji yana bugawa kamar ana sussuka. Kafaɗu sun ɗage har kusa da kunne, bai taɓa lura ba. Da ya isa maƙogwaro sai ya tarar da wani abu a tokare, kamar ƙwallon goriba. Ya san shi. Shekara shida da suka wuce, ranar da babansa ke kan gargara, an aike shi ya kira liman. Ya wuce masallaci bai tsaya ba, ya je tasha ya zauna a benci, bai dawo ba sai da aka kai gawa. Ba wanda ya taɓa yi masa maganar, ko innarsa.

"Maƙogwaro," ya ce da kyar.

"To, nan ne karayar," in ji Baba Alu, ya sake masa ƙafa. "Ni na rufe wa babanka ido. Ba abin da ya faru a ɗakin nan sai numfashi da ya tsaya. Ga ƙofa nan, ban riƙe ka ba."

Sadisu bai zauna ba, bai fita ba. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki ladan ya kira azahar. Waya ta soma rawa a aljihunsa, ta tsaya, ta sake somawa. Sai numfashin tsohon ya canza, yana ja da tsawo, ya yi shiru, ya sake ja.

Iya ta shigo da kwanon koko, ta dire shi a ƙasa har ya fantsama. "Malam? Malam!"

Duk jikin Sadisu ya karkata wajen ƙofa. Ya bi shi gaɓa-gaɓa: ƙwauri na rawa, ciki a ɗaure, ƙwallon na nan inda yake. Da su duka ya durƙusa. Ya juya tsohon kan ɓarin dama, fuska ga alƙibla, ya kai bakinsa kusa da kunnensa.

"La'ilaha illallah," ya ce. Muryar ta fashe. Ya sake faɗa, ya kuma faɗa. Leɓen Baba Alu ya motsa sau ɗaya. Sadisu ya jira numfashi na gaba, bai zo ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Iya, ta zauna dirshan tana jan gefen mayafi.

Sadisu ya sa yatsu biyu ya shafo fatar idon tsohon, ya rufe masa ido. Da ɗumi har yanzu. Ya ja zane ya lulluɓe shi. Wayar ta daɗe da yin shiru.

"Je ka faɗa a masallaci, ɗan nan," in ji Iya.

Sai da ya kai tsakiyar layi ya lura ba takalmi a ƙafarsa. Ƙasa ta ɗau rana. Ya ji yashi, ya ji tsakuwa, ya ji danshin inda wata ta zubar da ruwan wanki. Can gaba tsofaffi suna fitowa daga masallaci ɗaya bayan ɗaya, kowa da carbinsa a hannu.