Goshin Tsigi

A layinsu kowa da abin da yake faɗa a kan Goggo mai ɗinki. Mai kanti ya ce in ta shigo sayen zare sai ya gyara tsayuwa, don ba ka sanin ta inda za ta kama ka. Matan gidan sama sun ce bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ƙanenta mai burodi kuwa, in an taɓo zancen, sai ya ce, "Yaya ce," ya ci gaba da murza ƙullu. Abu ɗaya ne ba a musu a kansa: tun da matarsa ta rasu, ba mai ɗaga wa 'yarsa Tsigi murya Goggo tana kusa.

Sai dai da aka koma makaranta ba ta kusa, ta tafi wani gari duba 'yarta da ta haihu.

Sabon zangon ya faɗo tsakiyar sanyi, mura da tari sun cika gari. Makaranta ta kafa dokoki: a bar tagogi a buɗe, a wanke hannu a bokitin bakin aji, a sa wa yara kayan ɗumi, kuma kullum da safe a auna goshin kowa a ƙofa. Malamin lissafi aka ba na'urar awon. Yara suka sa mata suna bindiga, shi kuma Malam Ja-da-baya, don maganar ba ta barin bakinsa.

Ranar farko ya ɗora bindiga a goshin Tsigi, ta nuna ja, alamar zazzaɓi, aka ce gida. Washegari ma ja. Uban ya kai ta asibiti aka ce lafiyarta lau, ya mai da ita, ja. Ran nan Malam ya ɗaga murya, layi duk yana ji.

"Ke ce kuma? Irinku ne masu kwaso ciwo ku zo ku raba wa 'ya'yan mutane. Ja da baya!"

Daga ranar 'yan ajinsu suka daina ce mata Tsigi, sai Zazzaɓi. In ta fito aike su toshe hanci su watse.

Goggo ta dawo ta tarar da ita a gidan burodin, ta lafe tsakanin buhunan fulawa, jakarta a jefe ƙarƙashin tebur.

"Me kike yi a nan, 'yan'uwanki suna aji?"

"Na daina makarantar, Goggo. Ko an buɗe mini ƙofa ba zan shiga ba."

Goggo ta taɓa goshinta, ta taɓa wuyanta, sannan ta juya ga ƙanenta. "Kai kuma kana tsaye kamar icen shanya aka faɗa wa 'yarka haka? Bakin naka na ɗanɗana ƙullu ne kawai?"

"Yaya, na'ura ce. Me zan ce da na'ura? Iyakar ƙoƙarina ina yi, ko iska ba na bari ta taɓa ta."

Da safe Goggo ta ga ƙoƙarin nasa. Riga a kan riga, safa biyu, sai hular ulu da yake ɗorawa a saman tanderu tun asuba, ya ɗauko ta da ɗuminta ya ja mata har gira. Hankalin Goggo yana ƙofar makaranta, wadda tsallaka titi kawai za ka yi ka isa. Ta riƙe hannun yarinyar tana tirjewa suka shiga layi.

Malam ya ture bakin hular da kan bindiga. Ja.

"Baiwar Allah, kin gani da idonki. Ja da baya."

"Ba inda zan ja. Tsohuwa ce ni, gaba ma da ƙyar nake yi." Ta fizge hular daga kan Tsigi. "Dubi idonta! Wannan idon mai zazzaɓi ne? Ka taɓa sa hannunka a goshinta, ko hannun ma na gwamnati ne?"

"Doka ce."

"Dokar ce ta ce ka tsaya gaban yara ka kira marainiya mai raba ciwo? Nuna mini inda aka rubuta, in ɗinka maka shi a bayan riga."

Wani uba a layi ya ce don Allah a bar mutane su wuce, yana da wurin aiki. Goggo ta ce ai ita ma ba a kan titi take kwana ba. Aka daɗe ana yi, iska tana kaɗa kitson Tsigi, ita kuwa ta riƙe ƙarfen ƙofa tana kallon takalminta. Har sai da shugabar makaranta ta fito, takunkumin fuska a ƙasan haɓa, ta saurari kowa, ta ce a sake aunawa ita ma ta gani.

Kore.

Malam ya bubbuga bindigar a tafinsa ya sake. Kore.

Goggo ta dubi hular da ke hannunta, wadda ta ɗan ƙona mata yatsu ɗazu, ta dubi hayaƙin tanderu a tsallaken titi. Ta rufe ido. "Ubanta ne yake gasa mata hula tare da burodi," ta ce. "Wannan ni da shi ne, a gida."

Layi ya fashe da dariya. Malam ya sauke numfashi. "To, ashe laifin daga gida ne. Wuce, yarinya."

Tsigi ba ta saki ƙarfen ba.

"Hula laifinmu ce," in ji Goggo. "Bakin fa, shi ma mu muka gasa maka?"

Malam ya dubi shugaba, shugaba ta dubi gefe. Ya matso kusa da Goggo ya yi ƙasa da murya. "Abin ya wuce, a yi haƙuri."

"Ni ka zaga? A kunnena ka faɗa ran nan? Ga su can a taga, waɗanda ka koya wa sunan."

Gaskiya kuwa, tagar ajinsu a buɗe take kamar yadda doka ta ce, kawuna sun cika ta. Wani daga baya ya fara, "Zazza..." aka make shi.

Malam, bindiga a hannu, bai san inda zai ajiye ta ba. Daga ƙarshe ya miƙa wa shugaba, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa siminti mai sanyi, ya yi magana da muryar da yake kiran layi da ita.

"Tsigi, ba ki kawo wa kowa ciwo ba. Ni na faɗa, kuma ba gaskiya ba ne. Ki yafe mini."