Birkin Salansa a Gangaren Omeo

"Matsa min daga haske, tsoho, ka tare komai," in ji Dragan daga ƙarƙashin motar.

Merv Tonkin ya ja baya kaɗan, ya sake sunkuyowa. Tun safe yake tsaye a kan bakaniken, hannuwa cikin aljihun rigar sanyi, yana kallon yadda ake yanka salansar a-kori-kurarsa ana cusa mata wani ƙarfe mai murfi a ciki. Birkin salansa ke nan. In direba ya danna maɓalli, murfin ya toshe hanyar hayaƙi, injin dizal ya shaƙe ya riƙe mota a gangare, ba sai an yi ta taka birki ba.

"Ka dai ce zai riƙe ta, har da karaban a baya?"

"Na faɗa maka jiya, na faɗa maka shekaranjiya. Zai riƙe." Dragan ya turo kai waje, goshinsa duk baƙin mai. "Amma ka buɗe kunne, Merv. Motarka otomatik ce. Muddin tana da ɗan gudu, giya na kame da inji, abin nan zai yi aikinsa. Da gudu ya ragu sosai sai giya ta saki, shi ma ya saki. Daga nan kuma sai ƙafarka. Rage gudu yake yi, ba ya tsayar da mota."

"Ba za ka iya ɗaure giyar ta ƙi saki ba?"

"In ɗaure ta, motar ta mace maka a tsakiyar titi? Haba! Wai me ƙafar nan ta yi maka ne kake son yi mata ritayar dole?"

Merv ya yi 'yar dariya, ya juya yana duba tayar baya, wadda ba abin da ya same ta.

Duk Omeo ba wanda bai san al'adar Merv da matarsa Glenys ba. A can kudancin duniya inda suke, watan Mayu ne farkon hunturu, da sanyinsa ya fara cizo sai su ɗaura karaban, ɗakin nan nasu mai taya, da gadonsa da murhunsa, su ja shi har Karumba can arewa, inda rana ke da ɗumi kifi kuma yake da yawa. Sansanin da suke sauka yana da ƙa'idarsa: fili naka ne muddin kana zuwa kowace shekara. Ka yi fashin shekara guda, an ba wani, kuma masu jira ba sa ƙarewa. Nasu filin yana gindin wata bishiya, yana fuskantar teku. Maƙwabtansu na can su ne dai na bara da na bariya, tsofaffi irinsu, da yamma kowa ya jawo kujerarsa a yi ta ƙaryar girman kifi. A Omeo sanyi kan kama wa Glenys gwiwoyi ta wuni a gaban murhu ba uhm ba uhm-uhm. A Karumba kuwa har rawa take yi. Raelene mai kula da sansanin ta riga ta bugo waya, ta ce a tabbatar mata kafin ƙarshen mako.

Bara a hanyar dawowa birkin motar ya ƙone a wani dogon gangare, har hayaƙi ya tashi daga tayoyi. Merv ya bi gari yana cewa birkin motocin zamani ba shi da ƙarfi. Ƙarya yake yi, kuma ya sani. Ciwon suga ya cinye masa jijiyoyin ƙafar dama, daga idon sawu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Tun daga saman gangaren ƙafar tana kan birki bai sani ba. Likita ya gaya masa ba ta dawowa. Bai faɗa wa Glenys ba, bai faɗa wa kowa ba, sai ya ɗauki duk begensa ya ɗora a kan ƙarfen nan da Dragan ke ɗaurewa. Tsoro ne fal cikinsa, tsoron da ko a gaban madubi bai yarda ya nuna ba.

Bayan abincin rana suka ɗaura karaban don gwaji. Dragan ya ce ba zai bar motar ta fita hannunsa ba sai ya ga aikin da idonsa, ya shiga gaba. Glenys ta fito da filas ɗin shayi ta buɗe ƙofar baya.

"Ina kuma za ki, Glen? Gwaji ne kawai."

"Ni ce zan zauna a cikinta har Karumba, ni ma zan gwada."

"Rabu da shi, uwargida, shigo," in ji Dragan. "In ya kashe mu ai gara a samu shaida."

Suka hau dutsen da ke bayan gari, suka juyo a sama. Daga nan titi yake gangarowa da kwanoni, itatuwa a dama, rami a hagu, har ya kai wata tsohuwar gadar katako mai ɗaukar mota ɗaya. Merv ya saki totur, nauyin karaban ya fara turo su. Ya danna maɓallin.

Motar ta yi wani gurnani daga can ƙasa, ta ja da baya kamar an riƙe mata wutsiya. Gudu ya tsaya cak inda yake. Suka sha kwana ta farko, suka sha ta biyu, ƙafar Merv na ajiye a ƙasa ba ta taɓa komai ba.

"Kai! Kai! Ka ji ta, Dragan? Glen, kin ji?"

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

"Ko birki ban taɓa ba! Na rantse, da wannan sai in sauko daga kan gajimare."

Rabon da ya yi murna irin wannan har ya manta. Ya fara lissafa wa Dragan garuruwan da za su kwana a hanya, da inda ake sayar da gurasar nama mai kyau, da inda man dizal yake tsada kamar turare. Ta madubi ya ga Glenys na murmushi, ta rungume filas ɗinta.

Sai suka iso kwana ta ƙarshe, mai tsanani, wadda gadar ke bayanta. Titin ya ɗan miƙe, gudu ya ragu, ya ƙara raguwa. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Nan take karaban ya turo su da dukkan nauyinsa, kuma wata motar ɗaukar shanu ta riga ta hau gadar daga ɗaya ɓangaren.

"Birki, Merv," in ji Dragan a natse.

Merv ya ɗaga ƙafa ya taka. Injin ya yi ƙara, motar ta zabura gaba. Totur ya taka.

"Birki! Birki na ce!"

Merv ya sunkuyar da kai yana neman birkin da ido. Dragan ya kai hannu ya danne ɗan maɓallin da ke kama tayoyin karaban, ɗaya hannun ya fizgi sitiyari zuwa tsakuwar gefen titi. Tayoyi suka yi ƙugi, kwanoni suka zube a cikin karaban, ƙafar Merv ta samu birkin a makare. Suka tsaya hancin motar na shafar shingen gada. Mai motar shanun ya wuce yana danna oda, ya zuro hannu ta taga ya yi musu zagin da ya dace da su.

Dragan ya miƙa hannu ya kashe injin. Ba a jin komai sai ruwan da ke gudu a ƙarƙashin gada.

"Takalmin nan ne," in ji Merv. "Sabo ne, yana santsi."

"Merv." Muryar Dragan ta yi ƙasa. "Tun ina yaro nake zama kusa da direbobi. Ban taɓa ganin wanda ya nemi birki da ido ba. Ka sa ni na yanka maka salansa a banza, mutumina. Abin da kake nema ba a sayar da shi."

Merv ya sunkuyar da kai. Ya kasa ɗaga ido ya dubi madubi.

"Ka gaya masa mana," in ji Glenys daga baya. Shayi ya jiƙe mata siket, ba ta ko goge ba. "Ko ni in gaya masa? Ƙafar ta mutu, Dragan. Watan jiya ya taka ƙusa a bayan gida, ya shigo har falo yana bin dardumata da jini, yana tambayata wa ya yanke."

Merv ya juyo. "Kin sani?"

"Ni ke wanke maka safa."

"To me ya sa kika yi shiru? Me ya sa kika bar ni na kawo ki nan?"

Ta dube shi. "Don ina son zuwa, Merv. Na ce ko abin zai yi. Kullum sai na roƙi Allah ya sa ya yi." Sai ta fashe da kuka, irin na tsofaffi, mara sauti.

Dragan ya fita ya zagaya karaban yana bubbuga tayoyi, don dai ya ba su wuri. Da ya dawo ya buɗe ƙofar direba ya tsaya. Merv ya sauko da kansa, ya zagaya ɗaya gefen. Wannan ne karo na farko da ya zauna a kujerar fasinja a motarsa.

A ƙofar gida Dragan ya shirya zai yi ribas ya mayar da karaban cikin rumfarsa, sai Glenys ta dafa masa kafaɗa.

"Sauka in gwada."

"Uwargida, ribas da karaban ba..."

"Na ce ka sauka. Ina tuƙa ƙaramar motata zuwa kanti, ko ba na yi? Ƙafafuna biyu lafiyarsu ƙalau."

Merv ya juyo ya dube ta. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba, ko sau ɗaya. A sansanonin nan kowa ya san yadda abin yake: miji a sitiyari, mata a tsaye bayan karaban da oba-oba a hannu tana cewa dama, hagu, tsaya. Haka suka ga ana yi, haka suka yi ta yi. Ya ɗauko oba-oba biyu da sauri daga aljihun mota, ya ba ta ɗaya, ya ɗingisa ya koma bayan karaban.

Glenys ta jawo kujera gaba har ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari. Ta sa ribas.

"Yi hagu," in ji Merv. "A'a, ba hagun ki ba, hagun karaban. Juya ɗaya gefen. Ɗaya gefen, Glen! Warware! Warware mana!"

Karaban ya karkace. Ta ja gaba, ta sake. Ya sake karkacewa, wannan karon ta ɗaya ɓarin. Merv ya san abin da hannu ya kamata ya yi, hannunsa ya sani ko yana barci, amma bakinsa bai taɓa koyon faɗarsa ba. Sai ihu. Maƙwabciyarsu ta ɗaga labule. A gwaji na gaba karaban ya naɗe ya haɗu da gefen motar, fitilar baya ta fashe, ginshiƙin ƙofar gida ya kwanta.

Glenys ta kashe mota ta sauko a hankali, tana dafa ƙofa saboda gwiwoyinta. Ta miƙa masa oba-obar.

"Sau nawa na ce ka koya min? A filin nan na Winton, a hanyarmu ta Karumba, ba mota ba mutum, na ce ka ba ni in ja ko na ɗan lokaci. Ka ce in zauna in huta, ai kana nan."

"Sai mu koya yanzu. Dragan zai..."

"Yanzu? Da hannun nan?" Ta ɗaga masa yatsunta da suka kumbura. "Daga nan har Karumba, da manyan motocin nan masu jan tirela uku suna wuce ni? Ka makara, Merv. Mun makara."

Ta shige gida. Dragan ya warware motar ya mayar da karaban rumfa da juyi ɗaya, ya ajiye makulli a kan bonet. Ya dafa kafaɗar Merv ya kama hanyar garejinsa a ƙasa.

Rana ta kusa faɗuwa bayan duwatsu, sanyi ya sauko. Merv ya daɗe zaune a matakalar baranda da waya a hannu. Daga kicin yana jin Glenys na buɗe kabad tana mayar da gwangwanayen abincin da ta ware don hanya. Ya danna lambar Raelene.

"Merv Tonkin!" Muryar Raelene ta cika wayar, a bayanta ana jin dariyar mutane da kiɗan rediyo. "Tsohon ɓarawon kifi! Yanzun nan ake maganarka. Yaushe za mu gan ku?"

"Bana ba za mu samu zuwa ba, Raelene."

"Ash! Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Motar ce ta ɗan..." Ya fasa ƙarasawa. "Na ce ko za a iya riƙe mana filin, na shekara ɗaya kawai."

"Ayya, Merv, ka san ƙa'ida. In na yi maka sai na yi wa kowa."

"Na sani."

"Amma kada ka damu, ba zai zauna haka ba. Akwai wasu mata da miji daga Mildura, sun daɗe suna naci a kan filin nan, matar har hotonsa take ɗauka. Kai, yau ba za su yi barci ba don murna! Ka gai da min Glenys da kyau, ka ji? Ɗan riƙe, Merv, ga wani a shago yana neman ƙanƙara."

Ta ajiye wayar a kan tebur ba ta kashe ba. Merv ya ci gaba da riƙe tasa a kunne. Yana jin ana buɗe firji, wani na tambayar lokacin da ruwan teku zai cika gobe, wata na dariya can nesa. Ya yi ta jira, Raelene ba ta dawo ba.